Rufin Kawu da Gaisuwar Gola

Daga Allah muka fito, gare shi kuma za mu koma, mai shiri da marar shiri. Kawuna, wan mahaifiyata, ya rasu a farkon damina, a gidansa da ke manne da filin ƙwallo na nan Gaya. Na yi zaman makokinsa daga farko har ƙarshe, ina bakin tabarma ina miƙa hannu, kuma abin da kunnena ya kwasa a zaman nan shi ya sa na ɗauki alƙalami. In na bar wa mutanen garin nan labarin Kawu, za su tauna shi su tofar tun kafin a yi sadakar arba'in.

Jama'a kam ta zo, ba laifi. Maƙwabtanmu Dendawa suna ta "fonda tilas", wato sannu da abin da ba makawa. Ƴan kasuwa sun zo, tsofaffin direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, da suka yi zamani da shi a tasha sun zo, har daga Malanbil an ƙetaro gada. Sai dai na lura da wani abu. Mutum zai yi addu'a, ya shafa, amma ya ƙi tashi. Sai ya matso kusa da ni, ya rage murya.

"Wai ni kam, katin nan na tsoho, wa anka bar ma shi?"

Katin da suke nufi shi ne abonema, katin shiga kallon ƙwallo na shekara guda, wanda kwamitin ekip ɗin garinmu, wato ƙungiyar ƙwallo, ya aiko wa Kawu kyauta, da lambar kujera a sabuwar tiribin, benen zaman ƴan kallo. A Gaya ta yau mutum ya fi saurin ba ka aron babur ɗinsa a kan ya ba ka aron katin nan. Wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya tambaye ni, wani mai shagon taya ya tambaye ni, har wanda ya fi kowa sharɓar kuka a maƙabarta ya ja ni gefe. Da abin ya ishe ni, na shiga ciki wurin Inna, matar Kawu, tana zaune cikin takaba, na tambaye ta.

Ta ce, "Ɗan robar nan? Da shi yake kankare kashin kaji bisa dakali. Ai ya karye tun kahin azumi."

Na fito na maimaita musu yadda ta faɗa, da ƙarfi, don na nesa ma ya ji. Da ka ga fuskokinsu sai ka rantse a lokacin ne aka yi rasuwar. Mai shagon taya ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Tsohon ga mugu ne har ya mutu." Sai kuma ya tuna inda yake, ya ƙara da, "Allah shi gafarta mai."

Ban musa masa ba. Kawu mugu ne. Na so shi, ya riƙe mahaifiyata lokacin da ubana ya rasu, ya ciyar da mu bai taɓa yi mana gori ba, kuma har yanzu da yake ƙarƙashin ƙasa ina jin tsoronsa. Amma wanda yake son ta'aziyya mai zuma ya nemi wani marubucin. Mutumin da nake ba da labarinsa ya yi shekara da shekaru babban ɗansa yana durƙusawa gabansa kowace safiya yana gaishe shi, bai amsa ba. Wannan ɗa taubashina ne, tare muka tashi, kuma duk rayuwarsa ta girma ba abin da ya nema a duniya irin uban nan ya buɗe baki ya ce masa "lafiya lau".

Bari in fara da rufin. Mahaifin Kawu daga Karakara ya sauko, manomi ne, amma Kawu a tasha ya yi arziki, yana kai albasa Kwatano yana dawowa da abin da ya samu. Da ya tashi gini, sai ya sayi fili a bayan ragar gabas, inda kowa ya ƙi saboda hayaniya, ya zuba rufin kankare, irin wanda muke kira dal. A lokacin katangar filin ƙwallo ba ta wuce kafaɗar mutum ba. Wanda ya hau rufin Kawu yana ganin fili kaf, daga raga zuwa raga, ya fi na cikin tsohuwar tiribin gani, ga iskar kogi tana kaɗa shi.

Bai gina matakala ba, da gangan. Tsani ya sa aka yi masa na giginya, kuma tsanin nan shi ne sarautarsa. Ranar wasa yana fara hawa, a miƙa masa kujerarsa da butarsa da goronsa, sannan ya leƙo ƙasa ya dubi waɗanda suka taru. Ba ya karɓar ko dala. Da haɓa yake nuna mutum, wanda ya nuna ya hau, kuma wurin da ya zaunar da kai a wasan farko nan ne wurinka har shekara ta ƙare. In ka yi abin da bai gamshe shi ba, kalma ɗaya gare shi: "Sauka." Ba a roƙo, ba a bayani. Yana yawan cewa, "Ido anka ce ka kawo, ba baki ba." Ya taɓa saukar da mutum don ya yi tafi kafin ƙwallo ta shiga, ya saukar da wani don yana cin gyaɗa da ƙara.

Yana da alherinsa, sai dai shi ma da ƙaya a jiki. Akwai wasu masunta ƴan Tunuga da suke kawo kifi kasuwa, in sun sayar su tsaya kallo. Kawu ya ba su gaba, wurin da ya fi kowane kyau. Wata rana wani matashin ɗan kasuwa, mai shigo da shinkafa, ya zo da farar shadda yana ƙamshi, ya toshe hanci ya ce rufin na ƙarnin kifi. Kawu bai ko dube shi ba. Ya ce, "Su da ƙarni sunka zo, kai da mi ka zo? Sauka." Mutumin ya sauka a gaban jama'a, shaddarsa ta kama a ƙusar tsani ta yage har cinya, masunta suna dariya. Sun ji daɗi, ni ma na ji daɗi a ranar. Wannan ɗan kasuwa shi ne daga baya ya zama shugaban kwamitin ekip.

A gida kuwa, ba abin da Kawu ya tsananta a kai irin gaisuwa. Yana da wani gyaran murya mai kauri, sau biyu a jere, wanda duk ɗan gidan ya sani. Ka ji shi, ko me kake yi, ka sake shi ka durƙusa. Ko tuwo ne a bakinka, ko guga ne a hannunka a bakin rijiya. Taubashina yana da tabo a girar hagu, na butar ƙarfe ce da Kawu ya jefe shi da ita yana yaro, don ya gaishe shi a tsaye.

Taubashin nan nawa ya tashi dogo, mai manyan hannuwa, ya zama golan ekip ɗin gari. Gola ne na gaske, ba don ɗan'uwana ba ne nake faɗa. Kawu bai taɓa yaba masa da baki ba, amma in ya kama ƙwallo mai wuya, sai ka ga tsoho ya fasa goro ya miƙa wa na kusa da shi. Mu da muka san shi mun san wannan ya fi kirari.

Sai shekarar da muka kai wasan da in mun tsira da shi za mu hau rukuni na sama. Kawu ba ya gari. Motarsa ta lalace a hanyar Kwatano, ya yi watanni can, har an fara raɗe-raɗin ba shi da lafiya. Ranar wasan, ana cikin rabi na biyu, ba wanda ya ci wani, sai ga shi ya sauka a tasha. Ko gida bai shiga ba, ya kama tsani ya hau da ƙurar tafiya a jikinsa. Taubashina yana ragar gabas, ya ba rufin baya, tsakaninsu bai fi jifan dutse ba. Kawu ya zauna a kujerarsa, ya yi gyaran muryar nan sau biyu.

Ina wurin, da idona na gani. Gola ya juya, ya ga ubansa da ya yi watanni bai gani ba, ya cire hular da yake tare rana da ita, ya durƙusa har ƙasa. Wani ɗan wasan baƙi da ke tsakiyar fili ya ga raga ba kowa, ya ɗaga ƙwallo. Ba ma bugu ne mai ƙarfi ba. Ta faɗo, ta yi tsalle, ta wuce ta bayan mai gaisuwa ta kwanta a raga. Fili ya yi tsit, sannan baƙi suka fashe da dariya, sannan namu suka fara jifa. Da wannan ci ɗaya aka fitar da mu.

Kafin magariba gari ya raɗa masa suna Gola Mai Ladabi. Yara in sun hango shi sai su durƙusa a tsakiyar hanya su ce "sannu da zuwa, Baba", wani ya gangaro da gwangwani ta bayansu. A tasha kuwa cewa ake yi uban gola ne ya ci mu. Wannan ita ce ta soki Kawu. Washegari da safe ɗan ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya ce, "Baba, ina kwana." Kawu ya juya fuska bango. Daga ranar bai sake amsa masa ba, bai sake kiran sunansa ba, bai sake nuna shi da haɓa a gindin tsani ba. In dole ta kama a ambace shi, sai ya ce "wancan golan".

Mahaifiyata ce kaɗai ta iya tunkararsa. Ta same shi a zaure, ina riƙe da ƙwaryar furar da ta kawo masa.

Ta ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah. Wa ya koya mishi durƙuson? Ba kai ka fasa mishi gira ba?"

Ya ce, "Gaisuwa na koya mishi, ban koya mishi wauta ba."

"To mi ya sa ka yi gyaran murya? Ba ka ga yana aiki ba?"

Kawu ya kau da kai. Na ɗauka maganar ta shige shi, kuma na tabbata ta shige shi, don kunnuwansa har rawa suke. Sai ya ce, "Maƙogwarona ne. In na so in gyara shi sai na nemi izini?" Mahaifiyata ta karɓe ƙwaryar daga hannuna ta juye furar a ƙasa, ta ce ba za ta ƙara taka gidan ba sai ya amsa wa yaron. Ta riƙe rantsuwar har ta gaji ta yi kaffara, shi bai gaji ba.

Taubashina ya bar ƙwallo, ya bi wani maso ya koyi gini. Ya yi aure, ya haifi ƴaƴa, ya gina nasa gida a wata unguwa, furfura ta fara fito masa. Duk da haka kowace safiya kafin ya tafi aiki sai ya biyo, ya durƙusa, ya gaishe da bayan ubansa, ya ɗan jira, ya tashi. Jiran nan ne yake kashe ni. Na sha ce masa, da wasan taubasantaka da kuma ba wasa, ya bar wahalar da gwiwarsa. Sai ya yi murmushi ya ce, "Wataƙila gobe."

Ana nan, bayan shekaru, wasu yaran suka yi abin da su taubashina suka kasa, ekip ta hau rukuni na sama. Gari ya haukace. Manyan ekip daga Yamai suka fara zuwa, kuma tsohuwar tiribin ba ta ɗaukar ko rabin masu son zama. Kwamiti ya fito da abonema, kafin a ce me katunan sun ƙare. Ma'aikatan duwan suka kwashe, masu fiton kaya a gada suka kwashe, ƴan kasuwar Malanbil suka kwashe sauran. Mutane masu mutunci suka dinga bin ƴan kwamiti har gida. An yi aminan da suka daina magana a kan kati, an yi surukin da ya ɓoye wa surukinsa nasa.

Duk wanda ya rasa, ina zai nufa? Gindin tsanin Kawu. Wannan ita ce shekarar da ya fi jin daɗi a rayuwarsa, kuma ita ce ya fi mugunta. Alhazai da manyan riguna suna tsaye a rana suna ɗaga kai sama kamar kaji na jiran tsaba, shi yana tauna goro yana zaɓe. Yakan nuna mutum, ya bari sai ya kai tsakiyar tsani, sannan ya ce, "Ba kai ba, na bayanka." Ana kawo masa shinkafa da turare da kifi, ya karɓa ya ba Inna, ya kuma hana mai kawowar hawa. Na ce masa, "Kawu, mutanen nan ba za su manta ba." Ya ce, "Shi nike so."

Ba su manta ba kuwa. Kwamiti ya zauna ya ce tunda masu neman kati sun fi kujeru yawa, za a faɗaɗa fili, a gina sabuwar tiribin. Akwai fili fetal ta yamma, ba gida ba bishiya. Amma shugaban kwamiti, mai shaddar da ta yage, ya ce ta gabas ta fi, wai saboda rana. Duk wanda ya taɓa zama a filin nan da la'asar ya san wanda ke gabas shi rana ke duka a ido. Ba wanda ya yi gardama. Bangon bayan tiribin zai tashi daidai gaban rufin Kawu, ya fi shi tsawo.

Aka fara sayar da katunan sabuwar tiribin tun ba a haƙa tushe ba, su ma suka ƙare. Kuma da ɗan kwangila ya tashi neman wanda zai ja bangon, sai aka ce masa ai duk Gaya ba mason da ya kai Gola Mai Ladabi iya miƙe layi. Gaskiya ne, amma ba don gaskiyar aka faɗa ba. So ake a ga ɗa yana toshe wa ubansa ido, a samu abin hira a tasha.

Na je har gida na same shi. Na ce, "Kai, kada ka karɓi aikin nan. Dariya za su yi muku ku biyu."

Ya dubi hannuwansa. Ya ce, "In ban yi ba wani za ya yi. Kuma a gida baya yake ba ni. Can bisa kuwa, in yana son kallon hili, dole shi kalle ni."

Haka aka yi. Bango ya fara tashi, ana wasa ana gini, don kwamiti ba ya son a rasa ko wasa ɗaya. Da farko ragar gabas ce ta ɓace wa na kan rufi. Sannan gaban raga, sannan aka koma ganin ƴan wasa daga ƙugu zuwa sama in sun matso. Kawu bai daina hawa ba, ranar wasa da ranar da ba wasa. Da katakon da magina ke takawa ya kai tsayin rufin, sai ya zama uba da ɗa suna fuskantar juna, ɗan lungu ne kawai a tsakani. Kowace safiya taubashina zai aje cokalin gini, ya durƙusa a kan katakon nan mai lilo, ya ce, "Baba, ina kwana." Leburori su dakata da aiki suna jira, masu shayi a ƙasa su ɗaga kai. Kawu ya dube shi tsakiyar ido, ya tofar da goro a lungu.

Jama'ar rufi kuwa suka fara zarewa. Abin da ya fi ba ni haushi, da yawansu katin sabuwar tiribin na cikin aljihunsu, suna zaune a rufin mutum suna kallon ana gina musu inda za su koma. Na ji wani da kunnena yana nuna wa abokinsa da yatsa, "Ka ga layin can na sama? Nan ne nawa." Kawu ya ji. Ya buɗe baki zai ce "sauka", sai ya ga mutumin ya riga ya miƙe da kansa yana kakkaɓe wando. Masuntan Tunuga ne suka fi daɗewa, su ma ranar da tsakiyar fili ta ɓace suka yi masa sallama da kunya suka tafi neman tikiti. A lokacin ne kwamiti ya aiko da katin kyautar nan, a cikin ambulan, wai don girmama dattijo.

Taubashina ya yi wata dabara da kowa ya gane. Ya ja bango ta dama, ya ja ta hagu, ya bar wani gurbi kamar faɗin ƙofa daidai gaban kujerar ubansa. Ta nan Kawu yana hango ragar yamma da ɗan abin da ke gabanta. Ɗan kwangila ya yi faɗa, taubashina ya ce yau, ya ce gobe. Aka gama matakala, aka gama shafe, gurbin na nan. Ƙarshe shugaban kwamiti ya zo da kansa ya ce in ba a rufe ba kafin wasan Lahadi, a kawo wani maso.

Ranar Asabar da hantsi ni kaɗai ne tare da Kawu a rufi. Taubashina ya hau, aka miƙo masa bulo da kwaɓaɓɓen siminti. Ya tsaya cikin gurbin, ya durƙusa.

"Baba, ina kwana."

Kawu ya ci gaba da tauna goronsa.

"Baba, yau za a rufe. In ka ce in bari, wallahi sai in sauka in bar musu aikinsu. Ka ce wani abu dai."

Na ga maƙogwaron Kawu ya motsa. Na ce a raina yau kam Allah ya kawo ranar. Sai ya juyo gare ni, ni da ke gefensa, ya ce, "Ɗan ƙanwata, ka ce wa mason can simintinsa na bushewa."

Na ƙi faɗa. Ba a bukatar in faɗa, ya ji. Ya tashi ya fara jera bulo, a hankali, layi bisa layi, yana share kowane gefe da kyau kamar yadda ya saba. Ƙirjinsa ya ɓace, sannan haɓarsa. Da ya rage idanu kawai, ya tsaya ya ɗan jira irin jiran nan nasa, sannan ya ɗora. Ban taɓa tsanar mutum irin yadda na tsani Kawu a wannan hantsin ba, kuma da na juya na ga ya ƙura wa bangon ido ya rungume butarsa, sai tausayinsa ya kama ni, na ƙara jin haushin kaina.

Bayan haka bai fasa hawa ba. Ranar wasa sai a ji tsani na ƙara, ya zauna shi kaɗai yana fuskantar bangon siminti, ihun jama'a na zubo masa ta sama. In an yi ihu ba ya tambayar wa ya ci. Yara suka gano, suka fara leƙowa daga saman tiribin suna ce masa "sauka". Wata rana ƙafarsa ta kasa tsanin, aka sauko da shi a goye, daga nan ya kwanta. Zazzaɓi ya ci jikinsa, idonsa ya dushe. Aka kira autansa, malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Doso, ya ce yana tafe in an yi hutu.

Wata safiya ina zaune a bakin gadonsa ina ba shi kunu, taubashina ya zo kamar kullum, da kayan aiki a jikinsa. Ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Baba, ina kwana."

Kawu ya ce, "Lahiya lau. Matso."

Cokali ya faɗi daga hannuna. Taubashina bai miƙe ba, da gwiwa ya ja jiki har bakin gado. Mutum mai furfura, hawaye na bin gemunsa. Kawu ya lalubo hannunsa ya riƙe, ya shafa tafin, ya shafa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana shafawa. Sannan ya ce, da murya sarai ba gargada:

"Auta, ka zo? To ka ji. In na tahi, kada ka bari wancan golan shi taɓa gawata."

Inna ta ce zafin ciwo ne, bai san wanda yake riƙe da shi ba. Ina so in yarda da ita, na kasa. Auta alli yake riƙewa, tafinsa laushi kamar na jariri. Hannun da Kawu ya shafa siminti ya cinye shi, duk kanta ne da tsaga, makaho ma ya san hannun maso. Ni dai abin da na gaskata shi ne ya sani.

Taubashina ya ce, "To, Baba." Ya bari sai da tsoho ya saki hannun da kansa, sannan ya fita.

Ba a yi kwana uku ba Kawu ya cika, Auta ya iso ana haɗa ruwan wanka. Liman ya leƙo daga ɗaki ya ce babban ɗa ya shigo ya zuba wa mahaifinsa ruwa, kamar yadda aka saba. Na kama taubashina na ja shi bayan rumbu. Na ce, "Shiga. Inna ba za ta faɗa ba, ni kuma ban ji komai ba. Maganar marar lafiya ce, ba ta hau kanka ba."

Ya ce, "Ya amsa mini, ɗan'uwa. Kai ma ka ji, ya ce lahiya lau. Sau ɗaya ya ba ni saƙo tun ina saurayi, sai in ci amanarsa?"

Ya je ya sami Auta, ya isar masa da saƙon kamar yadda aka ba shi, bai rage ko kalma ba. Auta ya shiga. Zaure cike yake da mutane, kuma ba su san komai ba sai abin da idonsu ya gani. Na ji wani yana cewa, ba ma a ɓoye ba, "Ya toshe shi da rai, ya ƙi wanke shi da mutuwa. Allah ka raba mu da haihuwar asara." Har yau maganar da ke yawo a tasha ke nan, kuma taubashina bai buɗe baki ya kare kansa ba.

Allah ka jiƙan Kawu. Ka dubi marayun da ya ciyar da masuntan da ya zaunar a gaba, ka yi masa sauƙin da shi bai iya yi wa nasa ba. In ya gaishe ka, ya Ubangiji, ka amsa masa.

Ruwan da aka wanke shi da shi kuwa, babban ɗansa ne ya jawo daga rijiya, ya ɗumama, ya taɓa da gwiwar hannu ya ji bai yi zafi da yawa ba. Ya kawo har bakin ƙofa ya aje, ya ja da baya ya tsaya a rana.